Muryar Malam Hodi a Cikin Rajista

Malam Hodi ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan shinkafa, amma muryarsa ba ta ajiye aiki ba. Duk mako sai ta kira manoman Gulma da Augie da ƙauyukan bakin gulbi, ta yi musu sallama, ta ce lokacin zuba iri ya yi, ko ta ce a lura da ruwa. Wannan kuwa aikin 'yarsa ne, Sakinatu, domin ita ta rubuta yawancin manhajar da ke buga wayar.

Shi Malam Hodi malamin gona ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babur tsakanin Argungu da fadamu, ya yi ritaya, bai kuma daina yawon ba, don mutum ne da zaman gida ke sa masa ciwon baya. Sakinatu kuwa ilimin kwamfuta ta karanta, ta sami aiki a wani ƙaramin kamfani a Birnin Kebbi, ɗaki biyu a saman bene, ƙasansu mai sayar da taya. Da kamfanin ya sami aikin haɗa manhajar da za ta riƙa kiran manoma tana ba su shawara, komai ya tafi daidai sai murya. An fara da wani saurayi mai Hausar rediyo, tas-tas, ba gargada. Manoma suka riƙa kashe waya tun bai gama sallama ba, wai ɗan damfara ne. Sai Sakinatu ta ce a gwada babanta.

Aka rataye barguna a bangon ƙaramin ɗakin don kada ƙarar titi ta shigo, aka zaunar da dattijo gaban makirfo. Ya yi gumi, ya yi tsaki, ya ce wannan aiki ya fi noma wuya. Amma ya naɗa, jimla bayan jimla, da Hausarsa ta gida wadda ba ya canza wa kowa. Ranar da aka fara kira da ita, akwai manomin da ya miƙe tsaye a gonarsa yana amsa gaisuwa yana tambayar iyali.

Ita manhajar ba dunƙule ɗaya ba ce. Sassa ne, kowanne da aikinsa, kowanne da abin da ya sani: wani ya san lambobin manoma, wani ya san buga waya, wani yana bin labarin ruwan gulbi, wani kuma yana riƙe da murya. Da a ce kowane sashe sai ya san inda ɗan'uwansa yake zaune, da ranar da aka taɓa ɗaya sai an bi sauran duka ana gyara. Saboda haka Sakinatu ta yi abin da masu wannan sana'a suka daɗe suna yi. Ta gina wuri guda wanda kowane sashe ya san hanyarsa, ana ce masa rajista. Duk abin da ake yawan nema sai a ajiye shi can a ƙarƙashin wani suna. Mai son buga waya ya je ya ce a ba shi "waya". Mai son magana ya ce a ba shi "murya". Kamar dai makullin gidan haya da ake bari wurin mai shagon ƙofar gida, kowa ya dawo ya karɓa. Rajista ba ta tambayar wanda ya zo, ba ta tambayar me zai yi da abin, ba ta kuma tuna fuskarsa in ya tafi.

Sakinatu ta yi alfahari da wannan tsari, har ta cika wa mutanen ofis kunne. Ta sha faɗa wa mai kamfanin, Oga Mansur, cewa duk ranar da aka so canza murya layi ɗaya za a taɓa, sauran manhajar ba za ta ma san an yi ba. Lokacin tana faɗa tana murmushi, don babanta yana nan garau yana cin tuwo malmala biyu.

Bayan rasuwar ba wanda ya yi mata maganar. Ta dawo aiki, aka yi mata ta'aziyya, kowa ya sunkuyar da kai kan kwamfutarsa, muryar kuma ta ci gaba da kiran mutane. Sai ranar da Tamba ya hawo benen.

Tamba shugaban manoman wani yanki ne na Gulma, dogo, mai faɗin tafin hannu, abokin yawon marigayi. Ya ƙi kujera, ya tsuguna kusa da teburinta, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya shafa fuska ya ce, "Ɗiyar Malam, ki yi haƙuri da abin da za ni hwaɗi. Da hannun ga nis sa mai ƙasa. Bayan 'yan kwanaki ina bakin gulbi, waya ta yi kuka, in ɗauka, sai ga Malam shina yi min sallama. Walle saura kaɗan in hwaɗa ruwa."

Wani a bayan ɗakin ya kusa yin dariya, ya mayar da ita tari.

"Ni dai na saba," in ji Tamba. "Har daɗi nika ji. Amma akwai tsohuwa garinmu, tun randa taj ji shi ba ta sake taɓa waya ba. Wasu ko cewa suka yi ba kyau a hana mamaci hutawa. Aiko ni anka yi, ba don raina ya so ba."

Sakinatu ta ce ta ji, ta gode. Ta raka shi har bakin matakala, ta dawo ta zauna tana kallon allon kwamfuta ba ta ganin komai.

Oga Mansur ba mugun mutum ba ne, ko da yake yana da halin nan na masu kamfani, na faɗin magana mai nauyi yana duba waya. Da yamma ya tsaya a bakin teburinta, wannan karon wayar tana aljihu. Ya ce, "Sakina, ba don Tamba kaɗai ba. Bana an kawo sabon iri, akwai maganganun da babu su cikin abin da Baba yan naɗa. Wa za shi hwaɗe su? Abdussamadu ya gama naɗin nashi, shi ma malamin gona na, ɗan Augie, mutane sun san shi. Noman rani ya matso."

"Na sani, Oga."

"Layi guda na. Ke kic ce muna haka."

"Layi guda na," in ji ta.

Daga nan Sakinatu ta zama gwanar uzuri, ita da ba a san ta da shi ba. Yau naɗin Abdussamadu yana da ƙara a bayansa, sai an tace. Gobe sai an gwada shi a kan ƙananan wayoyi. Jibi wuta ce babu, alhali janareta yana ta ruri a ƙasa. Kowa ya gane, kowa ya yi kamar bai gane ba. Gaskiyar ita ce tana jin tsoro. Kabarin babanta yana Argungu, ta je ta gani daga nesa, ta yarda. Amma muddin muryar nan tana fita duk mako tana gaya wa mutane abin da za su yi da gonakinsu, to akwai wani gefe na duniya inda Malam Hodi bai gama aiki ba. In ta koma ɗakinta a unguwar Gesse takan sa abin ji a kunne ta saurari "a lura da ruwa, jama'a" sau da yawa, tana wanke-wanke tana hawaye. Akwai wani ɗan gyaran murya da yake yi kafin ya fara, wanda ya kamata ta yanke tun farko ba ta yanke ba.

Uzuri kuwa yana ƙarewa. Wata Litinin, ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, ofis ya yi shiru domin abokin aikinta Irimiya ya kwashi iyalinsa sun tafi ƙauyensu a Filato, sai ta buɗe rumbun da suke ajiye rubutun manhajar. Ta yi aikin yadda ya kamata, ba za a ce ta yi sakaci ba. Ta bincika duk inda aka rubuta cewa a je rajista a karɓo "murya". Ta samo sashen iri, da na taki, da na ruwa, da na farashin kasuwa. Ta gwada kowanne da muryar Abdussamadu, kowanne ya yi magana lafiya. Sannan ta gangara kan layin. Ta goge sunan babanta, ta rubuta na Abdussamadu, ta tura.

Ba abin da ya faru. Fanka tana juyawa, mai taya yana ciniki a ƙasa. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, yadda aikin ya yi sauƙi, kuma ita ce ta tsara shi ya yi sauƙin. Ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito ta ce wa Oga Mansur an gama.

Washegari da rana ta kira mahaifiyarta, Inna Ma'u, wadda ke takaba a gidansu na Argungu. Waya a kashe. Sakinatu ta ce a ranta caji ne ya ƙare. Kashegari ma a kashe. Ta kira gwaggonta, ƙanwar marigayi, wadda ta tare a gidan don taya zama. Gwaggo ta ce, "Lahiya lau take, sai dai ba ta son magana. Abinci ma sai na yi da gaske. Na ce ta kunna waya, ta ce in bar ta." Da Juma'a ta zo Gwaggo ta ƙara da cewa jiri ya ɗebi Inna a bakin randa, ba don bango ba da ta kai ƙasa.

Asabar da safe Sakinatu ta ɗauki jakar kwamfutarta ta nufi tasha. Motar ta cika da masu buhunan albasa da wata mata mai kaji, hanya kuma duk inda aka waiga fadama ce ana ta gyaran kunya ana jan injin ban ruwa. Ta san a cikin mutanen nan akwai waɗanda Abdussamadu ya kira a makon nan. Ba ta ji haushinsa ba. Yaron kirki ne, har gida ya zo gaisuwa.

Ta iske Inna a ɗaki a kan tabarma, cikin zane da mayafi marasa ado, carbi a hannu. Ta rame, idanunta sun faɗa. Suka gaisa. Inna ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Birni. A kan ƙaramin teburin gefen gado Sakinatu ta hango katin maganin hawan jini, ta ɗauka ta juya shi. Layin wannan makon cike yake, in ban da ƙwayar farko.

"Inna, ba ki shan magani?"

"Ina sha."

"Ga shi ko ba a taɓa ba."

"To mantuwa ta."

"Wayarki hwa? Mi yas same ta?"

"Ba komi."

Haka suka yi ta yi. Inna Ma'u mace ce da in ta rufe baki ko da maƙera ba a buɗe shi, kuma Sakinatu ta gado ta, don haka aka zauna ana kallon juna. Sai da Gwaggo ta yafa gyale ta fita sayen kayan miya, gida ya rage su biyu, sannan Inna ta ajiye carbin a cinya. Ba ta dubi 'yarta ba. Ta ce, "Wane na kunka ba lambar Malam?"

"Wace lamba, Inna?"

"Wadda shika kirana da ita da sahe."

Sakinatu ta ƙura mata ido. Ta ji labarin matan da baƙin ciki ya taɓa, masu jin sallamar mazajensu a zaure. Ta matso ta kama hannun uwarta, tana neman kalmar da za ta fara da ita. Inna ta fizge hannun.

"Kak ki dube ni haka. Ban zauce ba. Gabana yac cika, ni nir ruhe mai ido. Na san naɗi na, awa kaset. Shi da bakinai yac ce min za a yi, tun sadda jiri yak kada ni bakin murhu shina can Gulma. Yac ce tunda ba ni jin maganar likita, kuma shi ba kullum shika samun sabis cikin hwadama ba, to za shi sa a riƙa kirana kullum in na gama lazimi. Tun sannan ba a taɓa hwashi ba. Ranar da anka kai shi ma, da gari ya waye, ya kira."

Abin ya ɗaure wa Sakinatu kai. A duk rubutun manhajar nan babu layin da ba ta sani ba, kuma babu inda aka ce a kira Inna.

"Ran Talata ta yi kuka, na ɗauka. Na ce na'am, Malam." Inna ta juya carbin a cinyarta. "Sai nij ji wani ƙato shina ce min salamu alaikum jama'a manoma. Ina cikin takaba, ga namiji baƙo cikin kunnena, ni ko na riga na amsa mai yadda nika amsa ma Malam. Kunya ta kama ni awa in nutse. Na ɗebe batirin na aje."

Ta ɗauki carbinta ta ci gaba da ja. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba, ba ta kuma yi sauti ba. Tausayi ya kama Sakinatu. Duk makonnin nan tana can Gesse tana ganin ita kaɗai ce ke riƙe da muryar nan, ashe akwai wadda ta fi ta buƙata, ita kuma ta sa hannu ta yanke mata.

Ta fita zaure ta kira Irimiya, domin in ba ita ba, shi kaɗai ke da ikon taɓa babbar kwamfutar da manhajar take zaune a kai. Irimiya a Birnin Kebbi aka haife shi, babansa ma'aikacin asibiti ne, Hausarsa kuwa ba ta da maraba da ta 'yan gari. Marigayi yana ji da shi, yakan kawo masa kifi daga Argungu a ƙunshe cikin takarda. Ya ɗauka ana ta hayaniya a bayansa, yara da daka da wata waƙar coci daga nesa.

"Sakina! Lahiya dai?"

"Irimiya, akwai wani abu bisa manhajarmu da ka kiran Inna da sahe?"

Hayaniyar ta yi baya, alamar ya koma gefe. Ya ce, "Wayyo Allah. Kin canza rajista?"

"Ran Litinin."

"Kai, kai, kai." Sannan ya ce, "Baba ya zaka ohis wata rana kina Abuja wurin taro. Yac ce in shigar da shi ɗakin barguna, akwai maganar da za shi naɗa, ba ta manoma ba ta. Da munka gama yac ce, Irimiya, kak ɗiyar ga ta sani. Kunya shika ji ki ji abin da shika ce ma Inna. Shi yas sa ban sa shi cikin rumbunmu ba, nis sa shi can gehe bisa babbar kwamfuta, ɗan ƙaramin abu na. Naɗin kuma na zuba shi cikin muryar Baba."

"Kuma kas sa shi neman murya ga rajista."

"Awa kowa. Don sauƙi. Sakina, wa yat taɓa tunanin za a canza Baba?"

Ta jingina da bangon zaure. Yanzu ta ga komai a fili. Ran Talata ɗan sashen nan ya je rajista kamar kullum ya ce a ba shi murya, rajista ta miƙa masa Abdussamadu, don ita ba ruwanta. Ya nemi maganar Inna a cikin sabuwar muryar bai samu ba. Akwai kuwa wata doka da Sakinatu ta rubuta da hannunta, cewa in an nemi jimla an rasa, a saka gaisuwar manoma don kada waya ta yi shiru. Kowane sashe ya yi abin da aka ce ya yi, babu wanda ya yi kuskure, kuma ga uwarta can a ɗaki ba ta shan magani.

"Da yar rasu na so in kashe shi," in ji Irimiya, muryarsa ta yi ƙasa. "Hannuna ya ƙi. Na so in hwaɗa maki, na rasa ta inda za ni hwara. Ki gahwarce ni."

"Ba ka yi laihi ba. Amana ya ba ka. Hwaɗa min inda kas sa shi."

Ta shimfiɗa tabarma a zauren, ta jona kwamfuta da wayarta, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ta samo abin inda Irimiya ya ce. Ɗan guntun rubutu ne, bai cika allo ba, an yi shi da tsabta, a samansa an rubuta "na Baba". Mayar da rajista yadda take ba zai yiwu ba, Tamba da mutanensa suna da gaskiyarsu. Ta fara tunanin buɗe wani sabon suna a rajistar ta ajiye muryar a ƙarƙashinsa, har ta soma rubutawa, sai ta goge. Abin da ke rajista na kowa ne. Wata rana wani sabon ma'aikaci zai gan shi ya ce wannan tsohon kaya ne, ya share, ko ya ɗora wani a kansa, shi ma ba tare da ya san wa ke nema ba. Saboda haka ta cire wa ɗan sashen hanyar rajista gaba ɗaya. Ta ɗauko muryar babanta ta damƙa masa kai tsaye, yadda duk wanda ya buɗe zai ga abin da yake riƙe da shi da wadda ake kira. Oga Mansur kuwa za ta yi masa bayani ran Litinin, in da faɗa ta sha.

Naɗe-naɗen suna nan a jere, 'yan kaɗan ne, gajeru. Ta daɗe tana kallonsu. Maganar babanta ce da ba ta taɓa ji ba, kuma babu wata sabuwa da za ta sake fitowa daga bakinsa har abada. Dannawa ɗaya ce. Ga shi kuma a ƙa'idar aiki ba a sakin gyara sai an gwada, ita ce ma mai yi wa mutanen ofis wa'azin haka, tana da hujjarta a hannu. Amma mutumin nan ya jira sai da ta bar gari, ya hau bene da gwiwarsa mai ciwo, ya roƙi yaron mutane ya rufa masa asiri, duk don kada ta ji. Ta rufe kwamfutar ba ta gwada ba.

Da la'asar ta shiga ɗaki ta zauna kusa da Inna. Ta ce, "Kuskure na anka yi wurin aiki, Inna, ni niy yi shi. Na gyara. Baƙon ba shi sake kira. In kina so Malam shi ci gaba, za shi ci gaba. In ko kin hi son a bari, sai in riƙa kiranki da kaina."

Inna ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba. Ta ja carbi har ya zagayo. Can ta nuna kabet da haɓa ta ce, "Batirin na cikin kwanon sama. Ni ban iya maida shi ba."

Da gari ya waye Sakinatu ta idar da salla, ta ga Inna ta zauna lazimi, wayar tana kan tabarma kusa da gwiwarta, an juya fuskarta ƙasa kamar ba a damu da ita ba. Gwaggo tana madafa tana fama da itace. Sakinatu ta san uwarta, ko wayar za ta fashe da kuka ba za ta ɗauka a gabanta ba. Sai ta ɗauki tsintsiya ta fita tsakar gida, ta saki labule a bayanta.

Ta share gindin dalbejiya. Ta share bakin rijiya. Haske ya ƙaru, kaji sun sauko, wani mai ƙosai yana kira a waje, ɗaki shiru. Ta fara lissafa abubuwan da za su iya lalacewa: ko ta rubuta sunan wurin naɗin ba daidai ba, ko sabis ya ɗauke kafin gyaran ya isa, ko ɗan sashen yana buƙatar a tashe shi ita kuma ta manta. Ta tsine wa taurin kanta. Da ta gwada jiya da yanzu ta sani. In bai kira ba, da wane ido za ta dubi matar da ta sa ta mayar da batir?

Sai wayar ta yi kuka.

Ta yi kuka har sau uku ba a ɗauka ba, Inna tana tsoron wanda za ta ji. Sannan kukan ya tsaya, an ɗauka. Ta cikin labule Sakinatu ta jiyo ɗan gyaran muryar nan, sai kuma muryar kanta, ƙasa-ƙasa, ba irin ta manoma ba, mai taushi da wasa a ciki. Kalmomin ba su iso gare ta ba, ba ta kuma matsa ba. Ta tsaya da tsintsiya a hannu, hawaye yana zuba a kan ƙasar da ta share.

"Na'am, Malam," in ji Inna. Ta saurara. "To ina kash shiga kwana da kwanaki? Ka bar ni da baƙi." Ta sake saurarawa, sai ga wata 'yar dariya da Sakinatu ba ta ji ba tun kafin kaka. "Na sha. Na ce maka na sha, kai dai ba ka gajiya."

Wayar ta katse. Sannan Sakinatu ta ji ƙarar katin magani ana ɓallo ƙwaya, ta ji an buɗe murfin kwanon sha.